Gorar da Baffa Ya Riƙe

Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baffa ya kira sunan Adda ba. Ita ce 'yar farinsa, ni ne na biyar, kuma a wajenmu, mutanen rugagen bayan Dalijan, ɗan fari abin jin kunya ne ga iyayensa. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi ko da zazzaɓi na kaɗa shi. Ana yaye Adda aka miƙa ta ga kakarmu a cikin garin Gwandu, can ta girma, can aka yi mata aure. In dole ta kama Baffa ya yi zancenta, sai ya ce "waccan ta Gwandu", yana duban wani wuri dabam. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Shekarar da Allah ya kira Adda aikin Hajji ta haura hamsin, tana da jikoki huɗu. Baffa kuwa ya yi tsufan da ba ya bin shanu daji, sai dai ya zauna gindin tsamiya yana yi wa masu kiwon faɗa. Ni na kai ta ruga sallama a kan babur. Ta durƙusa nesa da shi, ta gaishe shi, ta ce za ta tafi, ta roƙe shi gafara. Yana riƙe da ƙafar wani maraƙi yana duban kofato. Bai ɗago ba.

"Allah shi kiyaye hanya," ya ce. Shi ke nan.

A hanyar komawa, da muka kusa shiga Gwandu, ta matso kusa da kunnena. Ta ce, "Tsorona ɗaya, in tafi in dawo ban same shi ba, ko ni in ƙi dawowa, alhali bai taɓa dubana ido da ido ba." Ba ta yi kuka ba. Ni ne raina ya ɓaci, har na kusa kai mu cikin rami. Wallahi a ranar na ji haushin tsohon nan, na ji haushin al'adar da ta hana mutum ya dubi 'yarsa, kuma na yi kwana uku ban kira ruga ba.

A Kalgo nake zaune. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, da ɗaura wa mutane sola da faifan tauraron ɗan Adam. Amma ina da wata lalura da matata take kira haukan jirage. Kowane babban jirgin sama yana tafe yana shelar kansa ta iska: ga lambata, ga inda nake, ga nisana daga ƙasa. Kunnen mutum ba ya jin shelar, rediyon gida ma ba ya kamawa, sai wata 'yar na'ura mai tsawon yatsa da ake soka wa kwamfuta. In ka haɗa ta da eriya, sai taswira ta fito, jirage na tafiya a kai ƙanana ƙanana kamar tururuwa.

Na sha wuya kafin abin ya zauna. Eriyar kuwa, da hannuna na ƙera ta da wayar jan ƙarfe, tsinke ɗaya a tsaye, huɗu sun baje ƙasa, kowanne tsawonsa bai cika santimita bakwai ba. In ka ƙara ko ka rage, ta kurumce. Da farko na sa ta a taga, kwanon rufi ya tare komai. Na ƙure ƙarfin jin na'urar har ƙarshe, sai dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan kasuwa ya cika mata kunne da hayaniya, dole na sassauta. Da bazara ta yi zafi sai ta riƙa sumewa da rana tsaka, har na koyi ɗora ta a kan murfin randa. Daga ƙarshe na samo doguwar gora, na ɗaure eriyar a kanta, na kafa wani guntun ƙarfe a lungun bayan ɗakina, na ɗaure gorar a jikinsa, na jawo waya ta taga. Tun daga ranar nake ganin jirage masu ratsa samaniyarmu daga nisan da ban taɓa zato ba. Ba riba ko ta sisi. Daɗi kawai nake ji.

Ana gobe jirgin su Adda zai tashi daga Birnin Kebbi, ina shago bayan azahar, matata ta kira ni ta ce in zo gida, Baffa ya zo.

"Wane Baffa?"

"Baffa nawa gare ka?" ta ce, ta kashe wayar.

Na same shi zaune a kan tabarma a zaure, sandarsa a gefe, ga wani farin rago mai baƙin wuya ɗaure a gindin dogonyaron tsakar gida. Wai ragon layya ya kawo mini. Sallah saura makonni, kuma shekara fiye da goma ina Kalgo, bai taɓa kawo rago da ƙafarsa ba, aikowa yake yi. Mutumin da ko kasuwar Gwandu sai an yi da gaske yake zuwa, shi ne ya hau bayan a-kori-kura da rago tun daga Dalijan. Na yi godiya.

Bayan la'asar, ya sha fura, ya goge gemu, ya ce, "Wannan abu naka da anka ce yana ganin jirage, gaskiya ta ko hirar mutanen gari?"

Na kai shi ɗaki na nuna masa. Aka yi sa'a akwai guda biyu suna wucewa can sama, ɗaya ya nufi kudu, ɗaya yamma. Ya sunkuya ya ƙura musu ido.

"Ko wane jirgi yana gani?"

"Kowanne, Baffa, in dai babba ne."

"Har wanda ya tashi nan kusa?"

"Shi ne ma ya fi fitowa sosai."

"To," ya ce, ya miƙe ya fita duba ragonsa.

A nan na gane. Ba zai je filin jirgi ba, ko an ɗaure shi an ja. A ce an ga Baffa cikin masu rakiya yana ɗaga wa 'yar fari hannu, ai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Amma ba wanda ya hana dattijo ya kawo wa ɗansa rago, ya kuma zauna ya kalli abin banzan da ɗan yake wasa da shi. Haushin da nake ji ya narke, tausayi ya maye wurinsa. Na fasa zuwa rakiyar da na yi niyya, don dama mun riga mun yi sallama da Adda a sansanin alhazai.

Washegari da hantsi Adda ta kira ta ce an fara kiran sunaye, ana sa ran tashi bayan azahar. Na shiga ɗaki na kunna kwamfuta. Taswira ta fito fayau, ba jirgi ko ɗaya.

Da farko ban damu ba. Samaniyarmu ba ta cika cunkoso ba, akan yi rabin awa ba abin da ya gifta. Wannan ne ya cuce ni, don na zauna ina jiran abin da ba zai zo ba har kusan awa guda. Sai da na duba wurin da ke ƙidaya saƙonnin da na'urar ta ji, na ga sifili, tun da na kunna sifili. Ko jirgi bai fito a taswira ba, akan ji ɗan motsinsa daga nesa. 

Na zare na'urar na taɓa, ba zafi. Na mayar, na canza mata rami, na kashe kwamfuta na kunna. Ba labari. Na duba batirin sola, cike yake. Na murɗa na'urar zuwa tashar rediyo ta gari, sai ga muryar mai gabatarwa tana fitowa a shaƙe, alamar ita na'urar da ranta. Na ƙara ƙarfin ji, na rage, na maido inda yake. Na zagi dogon ƙarfen bayan kasuwa. Na sake shigar da lambobin da ke nuna wa taswira inda gidana yake, ko da yake na san ba su da laifi. Gumi ya jiƙa mini riga. Baffa yana zaure, lokaci lokaci ina jin gyaran muryarsa.

Da na rasa wanda zan kama, na kama matata.

"Ke kika zare wani abu kika sa cajin wayarki?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa. "Shekara nawa ina share ɗakin nan ina kewaye tarkacenka kamar kabari? Yau ne zan taɓa? Ka je ka duba sandarka mana, tun da safe ban hango ta bisa kwano ba."

Mai gyara da ya san aikinsa daga eriya yake farawa. Ni da nake koya wa mutane haka, ni ne na ɓata awa biyu a gaban allo. Na zagaya bayan ɗaki da gudu.

Ragon yana kwance cikin inuwa yana tuƙa, hankalinsa kwance. Igiyarsa na ɗaure a jikin ƙarfen da na kafa, ya ja har ƙarfen ya tuge ya kwanta. Gorar ta faɗi, gindinta ya tsage, eriyar ta daki katanga ƙafafunta sun lanƙwashe. Wayar kuwa ya tauna ta wuri uku, wani guntun baƙin roba na rataye a leɓensa.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wane mara tunani ne ya ɗaure dabba a nan?"

"Ni na," aka ce a bayana.

Na juya. Baffa ne tsaye, ya dogara sandarsa. Ashe bayan sallar asuba ya ga rana za ta buga gindin dogonyaro, ya zaga neman inuwa, ya samu lungu mai sanyi har da turke kafaffe. Makiyayi in ya ga ƙarfe a kafe a ƙasa, me zai kira shi in ba turke ba? Ya dubi wayar, ya dubi gorar, sannan ya dubi ƙasa.

"Turke na gani," ya ce a hankali. "Ban san na aiki ba na."

Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Mutumin da ya yi mana tsawa muka girma, ga shi tsaye kamar wanda aka kama da satar kaza. Na ji kamar in mari kaina. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ban san shi ba ne, kuma laifina ne da ban faɗa ba. 

"Ya gyaru?" ya ce.

"Zai gyaru, in Allah ya so."

Na faɗa ne kawai. Irin wannan waya ba a yi mata ƙulli da salatif kamar wayar fitila, in ka haɗa ta haka rabin abin da eriya ta ji a hanya yake zubewa. Sabuwa tana shago, shagon yana wancan gefen gari, ga ranar kasuwa, titi a cushe. Ina cikin lissafin zuwa da dawowa saƙon Adda ya shigo: sun shiga jirgi, za ta kashe waya.

Na auna abin da rago ya bar mini. Guntun da ya fi tsawo bai wuce gaba biyu da rabi ba. To, tunda waya ba za ta kai ɗaki ba, ɗakin ne zai zo wurin waya. Na fito da kwamfutar na ɗora a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, matata ta yafa mini zane a kai don hasken rana ya bar ni in ga allo. Na miƙe ƙafafun eriyar da filaya, na auna kowace da rula. Na feƙe bakin wayar na sa mata sabon kai. Na yanke tsagaggen gindin gorar, abin da ya saura bai fi tsayina da rabi ba. Matsalar ita ce dole eriyar ta haura kwanon ɗakina da katangar maƙwabci ta arewa, kuma ba abin da zan ɗaure ta a jiki a wurin. Sai dai mutum ya riƙe.

Na ce wa matata ta zo ta kama. Kafin ta goge hannu Baffa ya jingine sandarsa ya ɗauki gorar.

"Baffa, ku kawo. In kuka riƙe ba za ku ga allon ba."

"Mi zan gani ciki?" ya ce. "Ni na ɓata maka kaya, ni ka riƙewa. Yi aikinka."

Na buɗe baki zan yi gardama, matata ta taka mini ƙafa. Ta riga ni fahimta. In ya zauna ya zuba wa allo ido, kowa ya san wa yake kallo. In yana riƙe da gora, taimakon ɗansa yake yi.

Ya ɗaga ta da hannu biyu sama da kansa. Nan take ƙidayar ta motsa daga sifili, ta fara hawa. Wani jirgin waje ya ɓullo can gabas. Na ce, "Ta kama." Na ce ya sauke ya huta tunda nasu bai tashi ba tukuna. Ya ƙi. Wai in ya sauke, wa ya sani ko ta sake lalacewa. Aka kira azahar a masallacin unguwa, muka yi ta a tsakar gida da sauri, matata na riƙe da gorar, ana sallamewa ya karɓe abarsa. Rana ta take, hadari na haɗuwa a gabas amma ba iska. Gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan riga.

Can sai ga shi, ɗan ƙaramin jirgi ya bayyana a gefen Birnin Kebbi, lambar tsayinsa na ƙaruwa.

Ban ce "ga Adda" ba. Na san iyakata. Na yi kamar da kaina nake magana. "Ga wani ya tashi yanzu. Ƙafa dubu uku. Dubu biyar. Ya juya ya fuskanci gabas." Baffa bai motsa ba. "Dubu tara. Yana hawa lafiya lau. Yanzu yana saitin Dalijan, ya bar Gwandu a hannun dama."

"Ta bisa gida?" ya ce.

"Kusan ta bisa gida."

Na leƙo ta ƙarƙashin zanen. Ya juya fuskarsa arewa maso gabas, inda ba komai sai farin gajimare da kan bishiyar maƙwabci. Hannuwansa na karkarwa, gorar na lilo kaɗan, amma bai sauke ba.

Jirgin ya yi ta nisa. Ya wuce saitin Sakkwato, ya daina hawa, ya miƙe. Daga nan layin da yake ja a taswira ya fara tsinkewa, ya ɓace ya dawo. Na yi gunaguni, ni kaɗai, na ce da eriyar ta ƙara tsawo da mun ƙara jin sa. Ban san ya ji ba. Sai na ga ya matsa wajen turmin da ke kife kusa da madafa, ya ɗora ƙafa. Na ce, "Baffa, don Allah." Ko kallona bai yi ba. Matata, wadda ba ta taɓa tsayawa kusa da surukinta taku uku ba, ta zo ta durƙusa ta rungume turmin, kanta a sunkuye. Ya hau. Tsoho mai shekara kusan tamanin, a kan turmi, ya miƙe hannu iya miƙewa.

Jirgin ya dawo. Na ci gaba da karanta masa sunayen garuruwan da yake wucewa, waɗansu ma ban iya faɗinsu daidai ba. Mun samu kamar minti shida a haka. Sannan ya tsaya cik wuri ɗaya, launinsa ya dushe, ya ɓace.

Na daina karantawa.

"Mi ya faru? Ka yi shiru."

"Ya wuce inda muke iya ji, Baffa."

"Ba faɗuwa ya yi ba?"

Muryar ba tasa ba ce. Na ce a'a, haka kowane jirgi yake yi, duniya ce ta lanƙwasa ta ɓoye shi, yana can yana tafiyarsa.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Kullum haka nake gani."

Bai sauko nan da nan ba. Ya ƙara tsayawa, gorar a sama, leɓunansa na motsi. Ni da matata muka kau da kai, muka bar shi ya gama. Da ya sauko sai da na ɓamɓare yatsunsa daga jikin gorar, sun ƙage. Ya zauna ya sha ruwa. Ya ce ragon ba ya son a cika wa dusarsa ruwa, kuma a riƙa ba shi kanwa. Ya ce zai koma yau, shanu ba kowa. A tasha, yana shirin hawa mota, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba komi na aka ba mutane labari ba."

Adda ta dawo lafiya bayan Sallah da 'yan makonni. Ni na sake kai ta ruga. Ta durƙusa inda ta saba durƙusawa, ya ce, "Kun dawo? Madalla," yana kallon garke. Ta zuba ruwan Zamzam a ɗan kofi ta miƙa. Ya kawo hannun dama, hannun ya tsaya a rabin hanya, sai da ya tallafo gwiwar da na hagu sannan ya karɓa. Ta tambayi abin da ya sami hannun. Ya ce ragon ƙaninta ne ya fizge shi.

Mun baro ruga, mun kai wajen gonakin gero, ta ce, "Ka gani ko? Ko tambayar yadda na yi bai yi ba."

Na tsayar da babur a gindin wata kuka. Baffa ya ce kada in ba mutane labari, na yi ta juya maganar tun ranar, na yanke cewa Adda ba mutane ba ce. Na gaya mata duka, tun daga a-kori-kura har turmi. Tana tsaye tana jan bakin mayafinta, ba ta katse ni ba.

"Tun yaushe ya riƙe?" ta ce.

"Tun kafin azahar. Har kuka wuce inda ake ji."

"A kan turmi."

"A kan turmi."

Ta juya mini baya ta fuskanci geron. Na bar ta. Da ta juyo idanunta sun yi ja, amma muryarta daidai take.

"Kada ka kuskura ya san na sani," ta ce. "Kunya za ta kashe shi."

Ta hau babur. Mun ɗan taɓa tafiya ta dafa kafaɗata ta ce akwai man zafi mai kyau a cikin tsarabarta, gobe in zo in karɓa in kai masa, in ce ni na saya. Sannan ta tambaya ko gorar tana nan. Na ce tana nan. Ta ce in zan zo in taho mata da ita.